Ranar da Baba Ya Ƙi Ɗaura Bel

Salamu alaikum, ku da kuke biye da ni. Wata a cikinku ta aiko tana tambaya, wai me ya hana ni buɗe baki tun farko in faɗi abin da na sani, kowa ya huta. 'Yata, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gyara zama ki ji.

Ga wanda yau ne ya fara leƙowa, ni ce Fanta, 'yar farin Alhaji Jalo mai awon auduga, a unguwar Manawashi cikin Gombe. Abin da nake ba ku ya faru ne shekara biyu bayan ƙarin albashin Udoji, lokacin da kuɗin mai ya sa kowane akawu ya hau babur, masu ɗan ƙarfi kuwa sai fijo. Shekarata ashirin da ɗaya, ina ɗinki da keke a ɗakina. Wanda ke nemana, Rufa'i, direba ne a kamfanin gurzar auduga, shi ke jan farar fijo sabuwa dal ta manaja, wani Mista George. An kai gaisuwa gidanmu an karɓa, amma Baba ya kafa sharaɗi guda. Rufa'i yana cikin wata shida na gwaji, to ba za a sa rana ba sai kamfani ya tabbatar da shi.

"Ba na ba da 'ya ga mai aikin aro," haka ya gaya wa Bappayo, ƙanen mahaifin Rufa'i kuma waliyyinsa.

Saura mako uku gwajin ya cika abin ya faru.

Kafin in kai ku can, ku san gidan da na fito. Tun da aka haife ni Baba bai taɓa kama sunana ba. Ba ƙi ba ne, fulako ne, 'yar fari ba a kiranta da suna. Ni "ke" ce, in na yi nisa in zama "yarinyar nan". Rufa'i ma gidan da ya fito ke nan. In ya hango Baba a titi, zai cire takalmi tun daga nesa ya durƙusa, idonsa a ƙasa kamar ya yar da allura. Bai taɓa shan ruwa a gabansa ba. Ku da kuke zama da surukanku kujera guda kuna kallon ƙwallo ba za ku gane ba, amma ku riƙe wannan, don a kansa komai ya rataya.

Ranar wata Asabar kamfani ya aiko mota a ɗauki Baba zuwa buɗe kasuwar auduga, don shi ne babba a masu awo. Tun da sassafe gidan ya ɗauki ƙamshin turaren wuta. Dada, mahaifiyata, ta fito masa da babbar rigarsa ta farar shadda mai aska takwas, wadda ta kwana uku a wajen mabuga, tana ƙyalli tana ƙara in an taɓa. Ya naɗa rawani a kan jar dara, ya ɗauki sandarsa mai kan azurfa. Ni kuma ina da ɗinkin wata amarya da zan kai Kumbiya-Kumbiya. Dada ta roƙa mini, Baba ya ce tun da yana ciki, yarinyar nan ta shiga baya a sauke ta a hanya. Na ɗaura atamfata mai ganyen shuɗi, na yafa gyale har goshi, zuciyata tana tsalle, don ban taɓa shiga motar da Rufa'i ke ja ba.

Yana tsugune a bakin ƙofar mota cikin farin kakinsa, takalmansa a hannu. Baba ya shiga gaba ya baje riga, na shiga baya na ƙanƙame ƙunshin ɗinki. Kujerun har yanzu da ledarsu.

Rufa'i ya zauna, ya jawo bel ɗinsa ya ɗaura, ƙwas. Sai ya tsaya bai tada mota ba. Ina kallon ƙeyarsa, gumi ya fara tsattsafowa.

"Baba," ya ce, murya kamar ta sauro, "da ma... abin nan na kujera. Dokar kamfani ce. Da an ɗan ɗaura."

Ya miƙa hannu wajen kafaɗar Baba, inda bel ɗin yake rataye. Hannun ya je rabi, ya ga sai ya gitta ƙirjin surukinsa, sai ya taɓa rigar, sai ya janye shi da sauri kamar ya taɓa garwashi.

Baba bai ko waiwaya ba.

"Ni ragon layya ne da za a ɗaure ni? Na je Makka ta ƙasa a bayan akori-kura, wata huɗu, ba wanda ya sa mini igiya. Rigar nan kwana uku tana mabuga. Ja mota."

Ya ja mota.

Mun kusa tashar jirgin ƙasa wani jaki ɗauke da buhunan auduga ya ƙwace daga hannun mai shi ya faɗo titi. Rufa'i ya taka birki iya ƙarfinsa. Ni na bugu da bayan kujera, ba abin da ya same ni. Baba kuwa ya tafi gaba gaba ɗaya, goshinsa ya daki gilashi, ƙum. Rawani ya warware, dara ta faɗi ƙasa, jini ya zubo a kan aska takwas.

"Innalillahi! Baba!"

Kafin ka ce kwabo mutane sun kewaye mu. 'Yan dako, masu tallan rake, har da waɗanda Baba ke yi wa awo, kowa yana leƙen Alhaji Jalo da kai a buɗe. Ciwon bai kai ya kawo ba, ɗinki uku aka yi masa daga baya. Amma ni da na ga idonsa na san ba goshin ke masa zafi ba.

Sai ga ɗan sanda a kan keke, wani dogo, Kofur Titus, mutumin Billiri da bai daɗe da dawowa daga kwas ba. Ya gai da Baba da ladabi, ya leƙa ya ga bel ɗin direba a ɗaure, na fasinja yana rataye.

"Direba, ka gaya wa Baba Alhaji ya ɗaura kuwa?"

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Rufa'i ya ɗaga ido ta madubi ya dube ni sau ɗaya, na haɗiye.

"Laifina ne, Kofur," ya ce.

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba. Ka gaya masa?"

"Laifina ne."

Kofur ya dubi Baba. Baba ya danna bakin rawani a goshi yana kallon wani wuri can. Shiru ma magana ce. Kofur ya zaro littafinsa ya rubuta, ya yago takarda ruwan hoda ya miƙa wa Rufa'i, ya ce ranar Laraba mai zuwa ya bayyana gaban majistare.

Kashegari da hantsi maƙwabciyarmu Dokas ta shigo wai in gwada mata rigar coci. Tare muka tashi da ita, katanga ɗaya ta raba mu, ta yi boko ta zama mai buga tafireta a kotun. Tana shiga ɗakina ta saki labule, ta zaro wata 'yar takarda daga cikin ɗankwalinta.

"Direbanki ya tare ni a hanya. Karanta, ni na gaji da zama gidan waya."

Ajin yaƙi da jahilci kawai na yi, amma rubutunsa ko a duhu na gane shi.

"Fanta, ina gaisuwa. Yaya jikin Baba. Manaja ya karɓi makulli. Ya ce in kotu ta wanke ni in dawo, in ta kama ni in ajiye kaki. Ranar Laraba zan ce na yarda da laifina. Kada ki ce komai a gida. Ki yafe mini. Rufa'i."

Na karanta sau uku.

"Dokas, in ya ce ya yarda fa?"

"An gama. A ci shi tara, a buga masa tambari a lasin, kamfani ya sallame shi. Tun jiya Kofur ya kawo kwafin takardar teburina, na karanta. Cewa aka yi ya yi sakaci da ran fasinja, ya ja mota bai umarce shi ya ɗaura bel ba, har ya ji rauni." Ta matso. "Ke kina ciki. Bai gaya masa ba ne?"

Na shiga murza bakin zani.

"Fanta, ni ce fa. Tare muka saci mangwaron mishan."

"Ya gaya masa. Baba ne ya ƙi."

Ta tafa hannu. "To ai shi ke nan! Ya ce bai yarda ba, ya kawo shaida. Kowa yana da damar musa takardar ɗan sanda, ba saukakkiya ba ce daga sama."

"Shaidar wa?"

Ta dube ni, na dube ta. Mu uku ne a motar nan. Ɗaya ba zai faɗa ba, ɗaya ya ƙi faɗa.

"Kai," ta ce a hankali, "ku da kunyarku sai ta kashe ku, a binne ku kuna rufe fuska."

Da la'asar na dama fura da nono mai kyau na kai wa Baba zaure. Yana kishingiɗe a kan buzu, filasta a goshi, rediyo yana ta magana a gefensa. Na durƙusa na ajiye ƙwarya, ban tashi ba.

"Ke, lafiya?"

"Baba, da ma... a motar nan, kafin a tashi, ai ya yi magana."

Ya miƙa hannu ya kashe rediyo.

"An tambaye ki?"

"A'a, Baba."

"Direban da ba zai kai tsoho nan da can ba sai ya fasa masa kai a gaban 'yan dako, shi zan danƙa wa 'ya? Yaron da bakinsa ya ce laifinsa ne. Ke kin fi shi sanin laifinsa? Ranar Laraba in kotu ta kama shi, aikinsa ya tafi, ni kuma zan mayar wa Bappayo goronsa. Magana ɗaya nake yi. Ɗauki ƙafarki."

Na fito ina ganin bibbiyu. Dada tana tsaye a bayan ƙofa da muciya a hannu, ta ji komai. Ta ja ni kicin.

"Kin haukace? Ubanki za ki ƙaryata?"

"Dada, ai gaskiya ce."

"Na sani. Shekara ashirin da biyar ina wanke rigar mutumin nan, kina tsammani ban san abin da zai ce wa igiya ba? Amma an yi masa dariya a titi, yana neman inda zai sauke. Ki bari ya huce."

"Kafin ya huce Laraba ta wuce."

Ta juya tuwo da ƙarfi. Can ta ce, "Miji ana samun wani. Uba fa?"

Ku gaya mini, me zan ce mata? Gaba kura, baya siyaki.

Ranar Litinin na ce zan kai wa Dokas rigarta. Ita ta shirya, na tarar da Rufa'i a zauren gidansu, ba kaki, wata tsohuwar taguwa ce a jikinsa, ya rame cikin kwana biyu kamar wanda ya yi jinya. Dokas ta zauna a bakin ƙofa da tiren wake tana tsinta, wai ita ba ta ji.

"Malam," na ce, don ni ma ba na kama sunansa, "wasiƙarka ta iso. Ban karɓa ba."

"Fanta, ki fahimce ni..."

"Kai za ka fahimce ni. Ka gaya masa ko ba ka gaya masa ba?"

"Na gaya masa da rabin baki. Da na cika direba da na ƙi tada motar."

"Ka ƙi tada mota, Baba yana zaune ya ce ka ja? Ko Mista George ɗinka ba zai iya ba."

Ya ɗan yi murmushin da bai kai ido ba. "To so kike in tsaya gaban jama'a in ce surukina ne ya yi taurin kai? Da wane bakin zan sake gaishe shi? Ubana ya rasu, amma ya bar mini wannan kunyar. Gara in koma lodin buhu a tasha."

"In ka koma lodin buhu ai ba ka da surukin da za ka gaisar. Ya ce zai mayar da goro."

Ya ɗago da sauri. Ashe bai sani ba. Shi a tunaninsa in ya rufa wa Baba asiri, Baba zai gani ya saka masa.

"Ya faɗa da bakinsa?"

"Jiya, a zaure."

Ya dafe kai. Dokas ta ce daga bakin ƙofa, ba ta ɗago daga wakenta ba, "Kunyar da za ta raba mutum da aiki da mata rana ɗaya, ni dai a garinmu ba mu da sunanta."

"Ba na son ka faɗi sunan kowa," na ce. "Kalma uku nake roƙo. In an tambaye ka, ka ce ban yarda ba. Sauran ka bar mini."

"Ke? A kotu? Fanta, zai tsine miki."

"Wannan tsakanina da shi ne. Amma in ka ce ka yarda, ka sani da bakinka ka sake ni tun ba a ɗaura ba."

Na tashi na fita ban jira amsa ba.

Laraba ta zo. Baba ya fita tun da wuri bai ce ga inda za shi ba. Na ɗaura baƙin zani, na yafa babban mayafin Dada. Tana kallona ina sa takalmi, ba ta hana ni ba, ba ta sa mini albarka ba. Sai da na kai ƙofa ta ce, "Kin yi alwala?" Na ce na yi. Ta juya baya.

Kotun ɗaki ne dogo mai rufin kwano, fanka ɗaya tana juyi tana kuka. An cika benci, don labari ya zaga gari. Na hango Mista George a gaba da gajeren wando, Dokas a ƙasan teburin majistare da tafiretarta. Majistaren dattijo ne mai tabarau, Hausa yake yi da kowa. Aka kira Rufa'i ya shiga akwati, aka karanta masa takardar Kofur.

"Ka yarda da laifinka, ko ba ka yarda ba?"

Fanka ta yi juyi ya fi goma.

"Ban yarda ba, ranka ya daɗe."

"To. Me ya sa?"

Rufa'i ya kafa ido a ƙasa.

"Malam direba, ba a musu da baki rufe. Ka umarci fasinjanka ya ɗaura, ko ba ka umarce shi ba?"

Ya sunkuyar da kai. Majistare ya cire tabarau ya ajiye.

"Kana da shaida?"

Ban san lokacin da na miƙe ba. "Ga ni, ranka ya daɗe."

Ɗakin ya ɗauki guna-guni. Aka shigar da ni akwati, aka tambaye ni alwala, aka ɗora hannuna a kan Alƙur'ani na rantse. Sai da na ɗago kai na gan shi. Can bencin ƙarshe, jikin bango, sandarsa tsakanin gwiwoyi. Baba. Rigar nan ce a jikinsa, an wanke ta, amma ga inuwar jinin nan a ƙirji. Ya zo ya ga hukunci da idonsa ne, kuma yanzu idon yana kaina.

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma hannuna ya riga ya taɓa Littafi.

"Wane ne fasinjan gaban?"

"Mahaifina ne."

"Sunansa?"

Na yi shiru. Wani ya yi dariya a baya. Majistare ya ce, "Bar shi, mun san gidan. Kina ina a motar?"

"A baya, ranka ya daɗe."

"Direba ya yi maganar bel kafin a tashi?"

"Ya yi. Ya ce dokar kamfani ce, da an ɗan ɗaura. Har ya miƙa hannu."

"Fasinja ya ce me?"

"Ya ce... ya ce a ja mota."

"Iyakar abin da ya ce ke nan? Kin rantse za ki faɗi duka."

Na dubi ƙasa na faɗa, a hankali yadda nake fata fanka za ta haɗiye.

"Ya ce shi ba ragon layya ba ne da za a ɗaure shi."

Kotu ta fashe da dariya. Har 'yan sandan bakin ƙofa. Wannan dariyar, 'ya'yana, har yau in na tuna ta sai na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Ni na jawo wa ubana ita, da bakina, a gaban mutanen da ke durƙusa masa. Majistare ya buga tebur.

Kofur Titus ya miƙe ya ƙame. "Ranka ya daɗe, ina da magana. Wannan yarinya ita ce wadda direban zai aura, duk gari an sani. Ko ya ce rana daga yamma take fitowa za ta ce haka ne. Ni na tambaye shi sau biyu a titi, sau biyu ya ce laifinsa ne. Baba Alhaji ma yana wurin bai musa ba."

Majistare ya gyaɗa kai, ya juya wajen Rufa'i.

"Ka ji. Magana ta dawo kanka. Abin da ta faɗa gaskiya ne, ko ƙarya ta rantse a kai?"

A nan na gane ramin da na jefa shi. In ya ce gaskiya ne, ya tozarta surukinsa da bakinsa. In ya ce ba haka ba ne, ya mai da ni mai rantsuwar ƙarya da Alƙur'ani. Ya riƙe katakon akwati har jijiyoyin hannunsa suka tashi. Leɓensa yana motsi, ba abin da ke fita.

"Zan ƙirga uku," in ji majistare, "in ba ka amsa ba, in ɗauki maganar Kofur. Ɗaya."

Tafiretar Dokas ta tsaya.

"Biyu."

Sai aka ji sanda ta daki siminti.

Baba ya miƙe. Bai yi sauri ba. Ya gyara hannun riga a kafaɗa, ya tako tsakiyar ɗaki, mutane suna janye ƙafafu. Waɗanda suka yi dariya ɗazu kowa ya nemi inda zai sa ido.

"Ranka ya daɗe, a bar yaron nan. Ba zai amsa ba ko ka ƙirga ɗari, haka aka rene shi. Ni ne fasinjan. Jalo sunana, tun da an rasa mai faɗa."

"Alhaji, za ka rantse?"

"An riga an dafa Littafi sau ɗaya a kan maganar nan, ya isa. Abin da ta faɗa haka aka yi. Ya gaya mini. Ya miƙo hannu ya janye, don ba a taɓa rigar suruki. Ni na ƙi, saboda shadda da bugu." Ya nuna filastar goshinsa. "Wanda bai ji bari ba, ga hoho. Da na yi niyyar in bar shi ya ɗauki kayan, tun da ya sa kai. Amma ban haifi 'yar da za a ce ta yi rantsuwar ƙarya ina zaune ba."

Majistare ya mai da tabaransa, ya yi rubutu mai ɗan tsawo, ya ce direba ya riga ya sauke nauyin da ke kansa, an soke takarda, an sallame shi.

Da muka fito, Kofur Titus ya tare Rufa'i a baranda yana girgiza kai. "Kai ma dai! Da ka faɗa mini tun a titi da ban ɓata tawada ba."

"Kofur, ba ka da suruki ne?"

Kofur ya sosa ƙeya. "Ina da shi. In na hango shi a kasuwa, da kakin nan nawa nake shan kwana."

Mista George ya zo ya jefa wa Rufa'i makulli, ya ce ya kai Alhaji gida tukuna. Farar fijo tana ƙarƙashin dalbejiya, gilashinta da ɗan tsagu a gefen fasinja. Rufa'i ya cire takalmi ya buɗe ƙofa ya tsuguna. Baba ya shiga ya zauna, ya jawo bel ɗin da kansa, ya juya shi, ya nemi inda ake cusawa ya rasa. Jama'a suna tsaye suna kallo.

"Kai," ya ce, "zo ka ɗaure ragon."

Hannun Rufa'i ya gitta ƙirjin Baba, a kan aska takwas, ya danna. Ƙwas.

"Ba gida za mu ba. Kai ni wajen Bappayo. Wanda ya yarda a kore shi don ya rufa mini asiri, ba na barinsa ya sake kwana da zulumi. Yau za a sa rana."

Hawaye suka zubo mini. Na kai hannu zan buɗe ƙofar baya.

"Fanta."

Na daskare. Na waiwaya ina neman wanda ya kira ni, don muryar na san ta, amma ban taɓa jin sunana a cikinta ba. Shekara ashirin da ɗaya. Rufa'i ma ya saki sitiyari.

Baba yana kallon gabansa, ta cikin tsagaggen gilashin.

"Ke ki taka da ƙafa. Ki jira ni a zaure, ba ɗakin uwarki ba. Ta kotu ta ƙare, saura tawa da ke."

Mota ta tashi ta bar ni a ƙarƙashin dalbejiya. Dokas ta fito da gudu tana guɗa ƙasa-ƙasa, ta rungume ni tana cewa mun ci, mun ci. Mun ci ɗin, na samu mijina. Amma a gidanmu uba ba ya kama sunan 'yar fari sai ɗayan biyu: ko ta girma a idonsa, ko ta fita daga ransa. Daga kotu zuwa Manawashi na taka ina juya sunan nan a kunnena, ina neman in gane da wace murya ya faɗe shi, har na iso ƙofar zaure na cire takalmina ban gane ba.